Tsakanin Barewa da Albasa: Gado da Shaye-shaye a Idon Malami

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar malamai, reshen Gezawa



Bahaushe ya bar mana karin magana guda biyu da suke zaman doya da manja. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne kuma ya juyo ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mu malamai mun fi kowa sanin cewa kowacce tana da ranarta, domin mun koyar da uba, mun koyar da ɗa, dattawan cikinmu har jika sun koyar. Amma mu duba yadda muke rabon karin maganar nan. Idan aka kama yaro da ƙwaya a aljihu, kafin a gama rubuta sunansa wani a ɗakin malamai zai ce, "Ɗan wane ne fa, ai gado ne." Ran da kuma aka kama ɗan gidan da ake buga misali da tarbiyyarsa, sai ɗakin ya yi tsit, can wani ya ce abokai ne suka ja shi, ko kuwa hannu aka sa masa. Yaron farko mun yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. Na biyun kuwa mun nema masa uzuri. Abin da ya kawo mu yau shi ne mu auna wannan kalma ta "gado" da ma'aunin masu bincike, mu ga inda ta faɗi gaskiya da inda muke ɗora mata kayan da ba nata ba.

Sai mu fara da gyara harshe, domin Hausa ta haɗa mu da wata 'yar matsala. Abin da ake haɗiya a bugu ƙwaya ne, abin da ɗa yake ɗaukowa daga jikin iyayensa shi ma ƙwayar halitta ake ce masa. Domin kada a rikice, na biyun za mu riƙa kiransa ƙwayoyin gado. Ɗan Adam yana ɗauke da kimanin 20,000 daga cikinsu, kowacce kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Su ne rubutattun umarnin da jiki yake bi wajen gina hanta da jini da ƙwaƙwalwa.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da taba da giya. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100, wato fiye da mutum miliyan ɗaya. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Sai dai alƙalamin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wannan: cikin masu shan, kimanin ɗaya cikin biyar ne abin ya kama shi har ya zama cuta, ya kasa bari ko da yana so, ya bar gona ko aji ko shago saboda shi. Samari biyar sun zauna a bakin kasuwa sun sha abu ɗaya, huɗu sun tashi sun kaɗe riga, ɗaya ya kasa tashi. Me ya bambanta shi da sauran?

Mu a nan mun riga mun san wani nau'in gado sarai, wato sikila. Mun san AA da AS da SS, mun san idan AS ya auri AS kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Wannan ilimi ya tsare gidaje da yawa daga wahala. Amma ya bar mana wata fahimta da muke ɗauka mu kai inda ba ta shiga, cewa duk abin da aka ce gado ne to haka yake tafiya: ƙwaya guda, gwaji guda, amsa guda. Kamuwa da shaye-shaye ba ta bin wannan hanya. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya duba mutum kimanin miliyan 1.2, ya gano wurare fiye da 400 a cikin ƙwayoyin gado da suke da alaƙa da shan taba da giya, kuma kowane ɗaya tasirinsa ɗan mitsitsi ne. Ya fi kama da tsawon mutum. Dogaye sukan haifi dogaye, amma ba a rasa gajere a gidansu, kuma yunwar ƙuruciya tana iya tauye ɗan dogo. Saboda haka babu wani ɗakin gwaji da zai ɗebi jinin yaro ya tabbatar mana cewa wannan zai zama mashayi, wancan ba zai zama ba.

To ta yaya aka san gado yana da hannu tun farko? Tambayar tana da wuya, domin uban da ya ba ɗansa jini shi ne kuma ya ba shi gida. Idan ɗan mashayi ya zama mashayi, jinin ne ko kuwa abin da ya tashi yana gani? Masu bincike sun raba gardamar nan da hanyoyi biyu da kowane Bahaushe zai gane. Ta farko ita ce riƙo. A 1973 wani likita mai suna Donald Goodwin ya buga sakamakon bibiyar wasu maza a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, ba su tashi a hannun iyayen da suka haife su ba. Waɗanda a cikin mahaifansu akwai mashayin giya sun kamu da cutar giya kusan ninki huɗu na sauran 'yan riƙon. Wannan hujja ce mai nauyi, ba mu musa ba. Amma a cikin wannan bincike ɗin dai, fiye da huɗu cikin biyar na 'ya'yan mashayan ba su kamu ba. Mutane sukan riƙe rabin farko na labarin su manta da na biyu.

Hanya ta biyu ita ce tagwaye. Akwai Hassan da Husainin da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ko uwarsu takan rikice, ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne. Akwai kuma tagwayen ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙane ba, sun yi tarayya a kimanin rabi. Duka nau'in biyu gida ɗaya suke tashi, tukunya ɗaya suke ci. Idan aka ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi yin kama da juna a wata ɗabi'a, to ƙarin kamar daga jini ta zo. An yi irin wannan lissafi a kan dubban tagwaye a Amurka da Turai da Ostareliya, kuma amsar da take maimaituwa ita ce gado yana ɗauke da tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen hatsarin kamuwa.

A nan za mu ɗan dakata, domin wannan "rabi" shi ne wurin da ake yawan zamewa, har da masu digiri. Ba ana nufin ɗan mashayi yana da hatsarin hamsin cikin ɗari ba. Ba a kuma nufin rabin laifin na jini ne rabi na unguwa. Mu ɗauki gonar gero, tunda yawancinmu daga aji gona muke wucewa. Manomi ya shuka iri kala-kala a fili ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Da kaka wasu zangarniyoyi sun fi wasu, kuma kusan duk bambancin daga iri ne, tunda ƙasar ɗaya ce. Ya ɗauki waɗannan irin ya raba, rabi a gonar bayan gida da take shan takin dabbobi kowace shekara, rabi a jigawar da ta gaji. Yanzu mafi yawan bambancin daga ƙasa ne, alhali irin bai sauya ba. Ashe lissafin "kashi nawa ne gado" yana hawa yana sauka gwargwadon wurin da aka yi awon. Manoman ƙasar nan, daga Tumbau zuwa Jogana, sun shekara aru-aru suna noma fili ɗaya ba hutu, ba su kuma taɓa cewa tunda iri ne ke yi a bar kai taki ba. Ya kamata kuma mu sani cewa mafi rinjayen waɗanda aka yi binciken ƙwayoyin gado a kansu Turawa ne, kuma giya da taba aka fi dubawa, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. Tsarin abin ɗaya ne ga ɗan Adam ko'ina, amma alƙaluman na can ne, a can aka auna su.

Me gadon yake taɓawa a jiki? Misali mafi kusa da mu yana cikin hanta. Kowa a nan ya tuna zamanin kodin, lokacin da kwalaben maganin tari suka cika kwatoci, har BBC ta fitar da rahoton bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kodin da kansa ba shi da wani ƙarfi sosai. Sai ya isa hanta, wani sinadari mai suna CYP2D6 ya juya wani ɓangarensa ya koma mofin, sa'an nan ya yi aiki. Tiramol ma wannan sinadarin ne yake fito da mafi ƙarfin abin da ke cikinsa. Ƙarfin sinadarin kuwa gadonsa ake yi. Akwai wanda hantarsa kusan ba ta juyawa, ya sha ya ji kamar bai sha ba. Akwai wanda take juyawa da gaggawa fiye da ƙima, har abin da abokinsa ya sha ya yi dariya shi ya tsayar masa da numfashi. A wani bincike na 1996 an samu kusan mutum uku cikin goma na Habashawan da aka gwada suna cikin masu saurin nan. Abokai biyu, kwalba ɗaya, ɗaya ya koma gida da ƙafarsa, ɗaya a ɗauke shi ranga-ranga. Wannan darasi ne da za a iya koyarwa a ajin kimiyya cikin minti goma, kuma ya fi bulala shiga kunnen saurayi.

Gado yana iya zama garkuwa ma. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sin da Japan da Koriya suna ɗauke da wani sauyi da yake hana jikinsu narkar da giya yadda ya kamata. Da sun kurɓa sai fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, tashin zuciya ya taso, saboda haka cutar giya ta yi ƙaranci a cikinsu. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ba mu tsoro. Wani likita a Amurka, Marc Schuckit, ya bibiyi ɗaruruwan samari tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya gano cewa waɗanda giya ba ta saurin bugar da su tun farko su ne suka fi kamuwa daga baya, kuma wannan juriya tana bin jini. Saurayin da yake bugun ƙirji a majalisa yana cewa shi kansa da ƙarfi, abu ba ya kama shi, a giya dai an tabbatar shi ne ya fi kusa da ramin, domin jikinsa ba ya yi masa gargaɗi da wuri.

Sai kuma hali. Gaggawa, da son abin da zai motsa rai, da kasa jiran lada na gobe, da yawan damuwa, duk gado yana da rabo a cikinsu, kuma duk suna ƙara hatsari. Waɗannan kam muna ganinsu a aji tun daga firamare. Amma yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya shi ne sau da yawa gwarzon filin ƙwallo, shi ne kuma ɗan kasuwar gobe da ba ya tsoron sabuwar hanya. Halin bai zo da sunan ƙwaya a rubuce a jikinsa ba.

Yanzu mu juya ga ƙasar da irin yake faɗawa. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da hodar heroyin ko makamanciyarta a can, inda take da araha kuma tsoro ya yi yawa. Hukumomi sun zaci za a dawo da rundunar mashaya. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida, ta tarar kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Jininsu bai sauya a cikin jirgi ba, wuri ne ya sauya. A ƙasar Finlan kuma, binciken tagwaye 'yan shekara 14 da aka buga a 2007 ya nuna cewa a gidajen da iyaye suka san inda 'ya'yansu suke da waɗanda suke tare da su, tasirin gado a kan shan taba ya ragu ƙwarai, a gidajen da aka saki yara kuwa ya yi sama. A ganinmu, cikin duk abin da muka kawo yau, wannan ne ya fi cancantar malami ya riƙe: sa ido yana rage wa gado ƙarfi.

Shekaru ma suna da nasu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya da taka wa zuciya burki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali sashen da yake jin daɗi da neman ƙari ya riga ya farka tun balaga. A Amurka an samu cewa waɗanda suka fara shan giya kafin shekara 15 sun fi waɗanda suka fara bayan shekara 20 kamuwa da kusan ninki huɗu. Binciken tagwaye ya ƙara nuna cewa farawar, musamman a ƙuruciya, ta fi rataya a kan gida da abokai da sauƙin samu, gadon kuwa ya fi nuna kansa daga baya, wajen wanda zai zarce. Shekarun farawar nan su ne shekarun da yaro yake hannunmu, daga aji biyar na firamare zuwa ƙarshen sakandare. Duk shekarar da muka jinkirta masa ɗanɗanawar farko riba ce, ko da wane jini yake ɗauke da shi.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da ƙofar da abin yake shigowa a karkararmu. Da yawa ba neman nishaɗi ne ya kai su ba. Yaro ya tafi ƙwadago da damina, ana biya gwargwadon kunyar da ya nome, wani babba a cikin ayarin ya miƙa masa tiramol ya ce zai kashe masa gajiya. Wani a kan babur ya fara, wani a wajen lodin yashi, wani kuma da rani da ya shiga birni neman kuɗi, tunda Kano ga ta nan kusa. Yarinya kuwa sau da yawa a gidan biki ne ko a ɗakin ƙawa. Ayarin gaba ɗaya sun sha, damina ta wuce, mafi yawa sun bari, ɗaya ko biyu sun kasa. Su ne waɗanda lissafin da muka yi ɗazu yake magana a kansu, kuma ba lalle su kasance 'ya'yan gidan da muke zargi ba. Gidan da ba a taɓa shan komai ba yana iya ɗauke da hatsarin a jini tsawon zuriya uku ba a sani ba, saboda ba a taɓa gwada shi ba. Wannan ya haɗa da gidajenmu mu da muke zaune a nan.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa mu cire kalmar "ai gado ne" daga ɗakin malamai. Yaron da ubansa yake shaye-shaye ya riga ya san abin da gari yake faɗa. Idan biro ya ɓace shi ake fara cajewa, idan ya yi gyangyaɗi a aji a ce ya sha wani abu, alhali wataƙila daren jiya bai runtsa ba saboda rigimar gida. Yaron da aka gaya wa sau ɗari cewa ƙarshensa sananne ne, wata rana zai daina musu. In har ilimin gado ya koya mana wani abu game da shi, to shi ne ya fi kowa buƙatar babba guda da zai san inda yake bayan an tashi, ya ba shi wani aiki a makaranta da zai riƙe, ya tambaye shi in bai zo ba. Mun san ajin mutum tamanin ko ɗari ba ya barin malami ya san kowa. Amma kowannenmu zai iya riƙe biyu ko uku.

Akwai kuma maganar aure, wadda ta shafi iyalanmu kai tsaye. Bincike kafin aure al'ada ce mai kyau, kuma halin wanda za a ba 'ya abin dubawa ne. Sai dai mun sha ganin an fasa auren yarinya kamila saboda wanta yana shaye-shaye, a ce kada a kawo iri cikin gida. Wanda ya yi haka ya ɗauki lissafin sikila ya kai inda ba ya aiki. Idan aka nemi shawararmu, kuma ana nema, tunda har yanzu a ƙauye malam ake tambaya, mu ce a dubi mutumin da kansa. Gidan da suka san akwai abin a danginsu kuwa, amfanin sanin shi ne su gaya wa 'ya'yansu a fili, kamar yadda mai ciwon suga a dangi yake gargaɗin nasa, su kuma sanar da likita duk lokacin da zai rubuta musu maganin ciwo mai ƙarfi.

Wanda ya riga ya kamu, kora daga makaranta tana miƙa shi ne ga ayarin da ya fara ba shi. Mari da sarƙa kuma mun ga ƙarshensu a 2019, lokacin da aka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum fiye da 300, daga nan aka bi irinsa a wasu garuruwa aka rufe. Jikin da ya saba da tiramol ko kodin, in aka yanke masa rana ɗaya, yana shiga ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci, mai shan tiramol da yawa kuma har farfaɗiya takan kama shi, saboda haka aikin na likita ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara ban da na kame. Komawa bayan an bari ba baƙon abu ba ne a wannan cuta, kada iyaye su ɗauka magani ya ƙi.

Muna ba reshe shawarar cewa kafin hutun damina mai zuwa, wato kafin yara su fita ƙwadago, kowace makaranta ta ware malami ɗaya namiji da malama ɗaya inda akwai, waɗanda yaro zai iya zuwa wurinsu ba tare da sunansa ya isa taron safe ba, kuma a sa maganar nan a ajandar taron iyaye da malamai na wannan zango. Malaman kimiyya da suke son darasin hanta da muka ambata a rubuce, su same mu bayan an tashi.